Yadda gashin ɗorawa na maza zai saje da na kai, a rana da inuwa da hasken fitila

Mutumin da sanƙo ya ci masa tsakar kai, ko ƙuna ko wata cuta ta zubar masa da gashi, har ya zaɓi ya sa gashin ɗorawa, yawanci a shagon mai aski yake fara ganin kansa da shi, gaban madubi, ƙarƙashin kwan fitila guda. A irin wannan wuri kusan kowane aiki kyau yake yi. Aibin ba ya fitowa sai an shiga ranar tsaka a hanyar babbar kasuwa, ko an tsaya a sahu ƙarƙashin fararen fitilun masallaci mutum na bayanka yana kallon ƙeyarka, ko mai ɗaukar hoto ya haska ka a wurin ɗaurin aure. Saboda haka duk wanda zai sa irin wannan gashi a Maraɗi, ya gina aikinsa tun daga sayensa a kan haske mafi tsanani da zai shiga, kamar ranar ƙarfe 12 da rabi a watan Afrilu, da hasken kyamara da dare.

Abubuwa huɗu ne haske ke nunawa: bambancin launi tsakanin gashin ɗorawa da wanda ya rage a gefen kai, sheƙin da ya wuce na gashin mutum, bakin gashin inda ya haɗu da goshi, da cunkoson da bai dace da shekarun mai shi ba. Dukkansu kuma daga wuce gona da iri suke tasowa, wato baƙi da yawa, mai da yawa, gam da yawa, gashi da yawa. Matakan da ke tafe an jera su ne bisa yadda aikin yake gudana.

Mataki na farko: ka san yadda za ka ɗaura shi

Kafin maganar launi, akwai maganar da Musulmi ba zai tsallake ba. Hadisin da ya hana haɗa gashi da wani gashi yana cikin Buhari da Muslim, kuma malamai sun yi bayani mai faɗi a kansa. Wasu sun hana gaba ɗaya, wasu sun sassauta ga wanda yake rufe wata nakasa kamar tabon ƙuna ko zubewar gashi saboda jinya. Ban da wannan, a mazhabar Malikiyya shafar kai duka farilla ce a alwala, a wankan janaba kuma wajibi ne ruwa ya kai ga fatar kai. Ka zauna da malamin da ka amince da shi ka faɗa masa halinka yadda yake. Amsar da za ka samu ita ce za ta nuna maka ko gashin da ake cirewa kullum za ka nema, wanda ake riƙe shi da tef mai gam fuska biyu, ko wanda ake liƙewa da gam ya yi kwanaki. Wannan zaɓin yana shafar haske kai tsaye, domin gindin da aka dasa gashin a kai, idan ana cirewa ana mayarwa kullum, dole ya fi kauri don kada ya yage, bakin mai kauri kuwa ya fi saurin bayyana a rana. Akwai kuma ƴan maƙalai da ake soke wa a gashin mutum, amma ba sa kama gashin da aka aske ƙasa-ƙasa, irin askin da mafi yawan mazanmu suke yi.

Mataki na biyu: launi

A nan ne aka fi faɗuwa, kuma a nan ya kamata a fi daɗewa. Masu ƙera wannan gashi, waɗanda da yawansu suna Sin, musamman a birnin Qingdao, suna ba launuka lamba. Lamba 1 ita ce baƙi wuluk, mai ɗan shuɗi-shuɗi idan rana ta doke shi. Lamba 1B baƙi ne mai sassauci, wanda ke ɗan karkata zuwa ruwan ƙasa mai duhu. Kusan kowa idan aka tambaye shi launin gashinsa zai ce baƙi ne, ya miƙa hannu ga lamba 1, alhali gashin mutanenmu, wanda ya sha rana da ƙura, ya fi kusa da 1B. A cikin ɗaki ba za a ga bambanci ba. A waje kuwa sai tsakar kai ta yi duhu fiye da gefe, har a ga iyakar da'irar a fili.

Dalilin haka shi ne abubuwa biyu suna iya yin launi ɗaya ƙarƙashin wata fitila, su bambanta ƙarƙashin wata, domin rinin kamfani da baƙin da Allah ya halitta a cikin gashi ba iri ɗaya suke mayar da haske ba. Duk wanda ya taɓa sayen shadda ya san wannan: ba a yarda da launinta a cikin rumfa, sai an fito da ita bakin ƙofa an duba. To haka za ka yi da gashin. Ana auna launin haske da ma'aunin Kelvin, wanda ake rubutawa da harafin K a jikin kwalin kwan fitila. Tsohon kwan lantarki mai jan haske yana wajen 2700K, kuma irinsa yana rufe aibi, yana haɗa baƙi da ruwan ƙasa su zama abu guda. Hasken rana da tsaka yana wajen 5500K. Fararen fitilun LED da suka cika shaguna da gidaje, da na sola da ake cajawa saboda ɗaukewar wuta, da yawansu 6500K ne, farinsu yana karkata zuwa shuɗi, kuma su ne ke fito da ja-ja ko kore-koren da ke ɓoye a cikin rini.

Yadda za ka yi shi ne ka bar gashin gefen kanka ya ɗan tofo na kamar mako biyu, ka wanke shi, kada ka shafa masa komai, sannan ka ɗora gashin ɗorawar ko samfurinsa a kusa da shi. Ka duba a inuwar waje da hantsi, wato ƙarƙashin bishiya ko a bakin zaure inda hasken sama yake isowa amma rana ba ta doka kai tsaye ba. Wannan shi ne hasken da ya fi faɗin gaskiyar launi. Daga nan ka fita cikin rana, sannan da dare ka sake dubawa ƙarƙashin farar fitila. Idan za ka yi oda ta intanet ko ta hannun ƴan kasuwar da ke zuwa Kano, kada ka dogara da hoton waya, domin kowace waya da yadda take gyara launi. Ka yanko ɗan gashi daga gefe da ƙeya ka aika a cikin ambulan idan mai sayarwar yana karɓa. Idan ka rasa wanda ya yi daidai, ka ɗauki wanda ya ɗan fi naka haske kaɗan, domin ƙara wa gashi duhu abu ne mai sauƙi, rage masa duhu kuwa yana lalata shi.

Sai furfura. Mutumin da ya haura shekara 40, gemunsa da sajensa sun fara fari, idan ya ɗora baƙi tsantsa a tsakar kai, ko yaro zai gane. Ana sayar da gashin da aka cakuɗa masa furfura da kaso, kamar 10 ko 20 ko 30 cikin 100. Ka lura cewa furfurar mutum ta fi yawa a gefen kunne, tana raguwa zuwa sama, don haka kason da ke cikin gashin ɗorawa ya ɗan gaza na sajenka. Farin gashin da ake sawa a ciki sau da yawa na roba ne, wanda rini ba ya kama shi, kuma wannan alheri ne ranar da za ka sake rina sauran. Sai dai ka haska shi da tocilar waya kafin ka biya, domin wani farin robar yana walƙiya fiye da furfurar gaske.

Mataki na uku: gindin da aka dasa gashin a kai

Iri biyu aka fi samu. Akwai raga mai ƙananan idanu, wadda ake ƙulla gashin a jikinta ɗaya bayan ɗaya, akwai kuma leda siririya mai bin fata, wadda kaurinta yake farawa daga wajen milimita 0.03 zuwa sama. Ledar tana kwanciya luf a goshi kuma tana da sauƙin wankewa, amma ba ta barin iska ta shiga, kuma tana da ƙyalli. A garin da zafi ke haura digiri 40 daga Maris zuwa Mayu, gumi yana taruwa a ƙarƙashinta, sai ta yi sheƙi ta tsakanin gashi duk lokacin da haske ya sauko daga sama. A ganina raga ta fi dacewa da Maraɗi, domin tana numfashi kuma ba ta mayar da haske. Wanda yake cirewa kullum zai iya neman mai raga a tsakiya da gaba, da zagayen leda a gefe da baya inda tef zai kama.

Ita ma ragar tana da nata aibin, wato ƙulle-ƙullen da ke gindin kowane gashi, waɗanda a rana suke fitowa ɗigo-ɗigo baƙi a jere. Ana dusashe su da sinadari a layin gaba, amma baƙin gashi ba ya dusashewa gaba ɗaya, sai dai ya koma ruwan ƙasa, kuma yawan sinadarin yana raunana ƙullin har gashi ya riƙa zuba. Abin farin ciki shi ne a kan fata mai duhu ɗigon bai cika fitowa ba, muddin launin ragar ya yi daidai da fatar. Yawancin ragar da ke zuwa kasuwa an yi ta ne da launin farar fata, don haka ka nemi mai ruwan ƙasa, ko ka rina ta ta ciki da rinin raga, ko ka shafa mata hoda mai launin fatarka da ɗan soso, kaɗan-kaɗan. Wani abu da ake mantawa shi ne mai yawan sa hula, fatar kansa da saman goshinsa sun fi fuskarsa haske. Launin wurin da ragar za ta kwanta shi za ka bi, ba na kumatu ba.

Mataki na huɗu: yawan gashi da murɗewarsa

Ana rubuta yawan gashin da kaso, kuma abin da ake kira matsakaici yana wajen 120 zuwa 130. Ga magidanci wannan ya yi yawa. Tsakanin 80 da 100 ya fi kama da kan mutum. Gashin gaske, idan rana ta doke shi daga sama, ana ɗan hango fata ta tsakaninsa, musamman a gaba, kuma idon mutane ya saba da haka ko da ba su sani ba. Kan da ba a ganin fatarsa ko kaɗan shi ne ke sa a sake kallo.

Murɗewar gashin ma da milimita ake aunata: 4 ita ce mafi ƙanƙanta kuma ita ta fi kusa da gashin mafi yawan Hausawa, 6 ta ɗan fi sakewa, 8 da 10 kuwa sun dace da mai gashi mai laushi. Ka sani cewa mafi yawan gashin mutum da ake amfani da shi daga Indiya da Sin yake fitowa, miƙaƙƙe ne aka murɗe shi a masana'anta, don haka yana ɗan sakewa bayan wanki kuma ya fi namu sheƙi. Idan kana tsakanin lamba biyu, ɗauki mafi ƙanƙanta.

Mataki na biyar: layin goshi da liƙawa

Ka tsaya gaban madubi a wurin da hasken rana yake shigowa, ka ɗaga girarka sama har goshi ya tattare. Layin gashi yana farawa ne kamar faɗin yatsa guda sama da tattarar ƙarshe, wanda ga yawancin mutane yake daidai da yatsu huɗu daga gira. Ka sa alama da fensir. Kada ka yarda a sauko da shi ƙasa don neman ƙuruciya, domin fatar goshi tana motsi idan ana magana, ta kai kuwa ba ta yi, kuma bakin da aka liƙa a kan fata mai motsi zai riƙa tattarewa yana ɗagawa. A kusurwoyi biyu na goshi a bar layin ya ɗan ja baya, kamar yadda yake ga kowane babban mutum.

A aske wurin sanƙon tas, a wanke da sabulu marar mai, a bushe, sannan a goge da alkol na farmasi don a cire maiƙon fata. Gam ɗin da aka yi domin fatar kai shi kaɗai za a yi amfani da shi. Gam ɗin takalmi, da na faci, da mai kamawa nan take da ake sayarwa a tebur, duk suna ƙona fata, kuma babu wata gaggawa da ta kai a sa su a kai. Ko na gaskiyar ma, a fara ɗiga shi a bayan kunne ko a cikin hannu a jira kwana biyu. Idan wurin ya yi ja ko ƙaiƙayi, a canza wani. Wanda ke da ƙuraje, ko makero, ko wani rauni a kai, ya fara ganin likitan fata ya warke tukuna.

Farin gam mai ruwa ana shafa shi ne siriri ƙwarai, a jira ya bushe har farin ya ɓace ya koma garau, sannan a ƙara shafi na biyu, wani lokaci da na uku. Idan aka ɗora raga a kan gam ɗin da bai bushe ba, zai kutso ta idanunta ya kama gindin gashi, kuma wannan shi ne farin layi mai ƙyalli da ake gani a goshin wasu idan an ɗauke su hoto. A tsayar da gam daidai kan alamar, kada ya wuce ta ko da kaɗan, domin abin da ya leƙo waje ƙura zai kama, ya zama baƙin zare a goshi kafin la'asar. A fara kwantar da gaba, a danna da haƙoran mataji maimakon yatsa, saboda yatsa yana da maiƙo, sannan a ja zuwa baya ba tare da an bar tattara ba. Gam yana bukatar kamar awa 24 kafin ya kama sosai, ba ruwa ba gumi mai yawa, don haka a lokacin bazara a yi aikin bayan magariba, a kwana a wuri mai iska.

Mataki na shida: askin haɗawa

Kowane irin kyau gashin yake da shi, hannun mai aski ne ke sa ya saje. Ka nemi wanda ya taɓa yin irin aikin, ka kuma tuna masa cewa abin da ya yanke ba zai sake tofowa ba, don haka ya rage kaɗan-kaɗan. Wurin da ya fi bukatar kulawa shi ne inda gashin ɗorawa ya sauka kan naka a gefe da ƙeya. Kada a fara dusashen aski daidai kan wannan iyaka; a bar naka gashin ya kai tsawon na ɗorawar har faɗin yatsa biyu ƙasa da ita, sannan a fara ragewa. Idan aka kwashe gefe tas har zuwa bakin ragar, duk lokacin da haske ya zo daga bayanka, kamar in ka tsaya a bakin ƙofa, za a ga tudu a inda ya kamata a ga gangara.

Game da gyaran fuska, na san matasa suna son layi mai kaifi da aka fitar da reza, har a bi shi da baƙin rini ko feshi. A hoto yana da kyau. A rana kuwa rinin da ke kan fata ba ya kama da gashi, kuma gumi yana narkar da shi ya gangaro. Layin goshin mutum yana da ƴan gashi ƙanana da ba su jeru ba, don haka a bar bakin da ɗan sassauci, idan ma ya yi cunkoso a tsittsinke kaɗan daga layin farko da hantsaki.

Mataki na bakwai: kashe sheƙi

Sabon gashi yana zuwa da wani shafi mai santsi da masana'anta ke sa masa don ya yi kyau a kwali. A wanke shi sau ɗaya ko biyu da ruwa mai ɗumi kaɗan da sabulun gashi mai laushi kafin a ɗora, ana bin gashin ta fuska ɗaya ba tare da cuɗawa ba. Bayan haka a nisanta shi da basilin, da man kaɗanya, da duk wani mai nauyi da aka saba shafa wa kai. Mai yana sa shi walƙiya, yana kama ƙura, yana kuma narkar da gam. Abin da yake bukata shi ne ruwa da aka ɗiga wa ɗan man laushin gashi marar nauyi, a fesa da safe, a daddanna da tafin hannu. Shi kuma gashinka na gefe, a daina cika masa mai, don kada ɗaya ya yi ƙyalli ɗaya ya bushe. Idan gashin na roba ne gaba ɗaya, sheƙinsa ya fi wuyar kashewa. Ana rage shi da ƴar hoda a kakkaɓe sosai, amma farar hoda a kan baƙin gashi tana fitowa toka-toka idan hasken kyamara ya doke ta.

Mataki na takwas: gwajin yini guda

Kada ranar farko ta zama ranar biki ko ranar Juma'a. Ka ware yini guda a gida tare da mutum ɗaya da ba zai ɓoye maka gaskiya ba, matarka ko ɗan'uwanka ko amininka, ka ba shi waya ya ɗauke ka da kyamarar baya, bayan an kashe duk abin da ke gyara fuska. A kowane haske a ɗauki gaba, da gefe biyu, da ƙeya, da sama kana zaune shi yana tsaye, daga nisan da ake gaisawa da hannu.

Da hantsi, rana tana zuwa ta gefe, kuma ita ce ke nuna ko bakin ragar ya ɗaga, domin ko ɗagawa kaɗan ce za ta yi ƴar inuwa a goshi. Idan an ga haka, a ɗaga wurin a hankali, a goge, a sa gam da tsinke, a jira ya bushe, a mayar.

Da tsakar rana ake babban gwaji. Maraɗi tana wajen digiri 13 da rabi arewa da tsakiyar duniya, don haka a ƙarshen Afrilu da tsakiyar Agusta rana tana tsayawa daidai tsakar kai, sauran watannin zafi ma ba ta nisa da hakan. Hasken da ke saukowa a miƙe yana ratsa gashi har gindi. A hoton sama a duba abu uku: ko ana ganin zanen idanun raga, ko launin gindin ya fi fata haske, ko kuma tsakar kai ta fi gefe duhu. Na farko da na biyu hoda mai launin fata ta ciki tana gyara su a ɗorawa ta gaba. Na uku kuwa, idan bambancin kaɗan ne, kwanaki kaɗan na rana za su rage shi; idan mai yawa ne, ya fi sauƙi a ɗan ƙara wa gashin gefe duhu da a taɓa na ɗorawar.

Da yamma liƙis, jan hasken faɗuwar rana yana fito da duk wani ja da ke cikin gashin, musamman idan ranar tana bayanka. Sabon gashi ba ya nuna wannan, amma ka ajiye hoton domin kwatantawa bayan wata guda.

Da dare a gwada ƙarƙashin farar fitilar da ke saman kai, irin ta masallaci da ofis da asibiti, sannan a kashe ta a ɗauki hoto da hasken kyamara, a kuma haska goshi da tocilar waya daga kusa. Wannan hasken yana fitowa ne daga inda mai kallo yake, yana doka fuska ya koma masa kai tsaye, shi ya sa yake tona gam da leda da gumi. Masu ɗaukar bidiyo a wurin biki ma irin wannan fitilar suke riƙewa. Idan an ga layi mai ƙyalli, a goge abin da ya leƙo na gam da auduga da ɗan alkol, ana goga daga goshi zuwa ƙasa don kada alkol ya shiga ƙarƙashin raga, sannan a ɗan taɓa wurin da hoda mai launin fata marar ƙyalli, a sake ɗaukar hoton. Wasu hodoji suna ɓacewa a ido amma su fito fari fat a hoto, don haka kowace hoda sai ta ci wannan gwaji kafin a fita da ita.

Kafin a rufe gwajin, ka sa hularka ta awa guda ka cire, ka kuma yi sujada ka ɗago, a sake duba goshi. Hula mai matsewa tana danne gashi ta bar zobe, bakinta kuma yana gogar layin gaba daidai inda ya fi rauni. Ka zaɓi wadda ta ɗan sake, ka zaunar da ita ƙasa da layin ko sama da shi, kuma wajen cirewa ka ɗaga ta sama a miƙe maimakon ka ja ta baya. Bayan cirewa, ɗan ruwa a tafin hannu ya isa ya tayar da gashin.

Abin da watanni ke yi masa

Gashin da aka yanke daga kan wani ba ya samun maiƙon fata, don haka rana tana cin launinsa har ya koma ja-ja, naka kuwa yana tofowa sabo da baƙinsa. A ƙasa mai rana irin tamu wannan yana iya fara bayyana cikin ƴan makonni, kuma a hasken yamma da ƙarƙashin farar fitila ake fara ganinsa. Sa hula lokacin doguwar tafiya a rana ko a kan kabu-kabu yana jinkirta shi ƙwarai. Idan jan ya fito, a cire gashin a gyara shi da rini mai sauƙi wanda ba ya da ƙarfin sinadari, ana shafawa da buroshi ba tare da ya taɓa raga ba, domin ragar da ta sha baƙin rini ba ta komawa. Lalle ba ya cikin abin da za a sa, tunda ja yake ƙarawa. Baƙin rini da yawa yana ɗauke da sinadarin PPD, wanda ke kumbura fatar wasu mutane, don haka shi ma a gwada shi a bayan kunne awa 48 kafin ya kusanci kai.

Da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, hazo yana tausasa hasken rana, wanda hakan sauƙi ne, amma ƙura tana kwanciya a gashin ta mayar da shi toka-toka, tana kuma manne wa bakin gam. A riƙa goge layin goshi kowace yamma da auduga mai ɗan danshi, a ƙara yawan fesa ruwa saboda bushewar iska. Da bazara da damina kuwa gumi ne abin lura, domin farin gam yana sake yin fari idan ya jiƙa, ya koma garau idan ya bushe. In ka ga haka kada ka murza, ka danna da ƙyalle mai tsabta ka zauna a iska. A watannin zafi kada gashin ya wuce mako guda zuwa kwana goma ba a cire shi ba, a wanke fata, a bar ta ta sha iska na wasu awoyi, a aske abin da ya tofo a ƙarƙashi, sannan a mayar. Wanda yake da hali ya sayi biyu masu lamba ɗaya a lokaci guda ya riƙa musanyawa, domin su tsufa tare, kada ranar da ya sauya sabo launin kansa ya canza a dare ɗaya.